Harshe a bakin masu shi ake koyon sa

A ƙasar Kosta Rika, can tsakiyar nahiyar Amurka, akwai wani ɗan gari a bakin teku mai suna Samara. Bai kai Magaria girma ba. Gari ne mai zafi, da itatuwan kwakwa da masunta. Amma mutane suna tasowa daga Jamus da Kanada da Amurka, su biya kuɗin jirgi, su zauna can mako biyu ko wata uku. Me ya kai su? Koyon Sifaniyanci, harshen mutanen garin. Harshe ne babba, wajen ƙasashe 20 suke aikin gwamnati da shi. A Afirka ma akwai ɗaya, ita ce Gini Ikwatoriya.

Ga yadda suke yi. Ɗalibi yakan yi kamar awa 4 a aji kowace rana. Sauran lokacin yana gidan mutanen gari da aka sauke shi. Da su yake cin shinkafa da wake, da su yake hira. In yana son ruwa, sai ya roƙa da harshensu. In ya yi kuskure yara su yi masa dariya, uwar gida ta gyara masa. Gobe ba zai sake ba. Aji yana ba shi ƙa'ida, gida kuma yana tilasta masa buɗe baki.

Kada mu ce wannan abin masu kuɗi ne, ba ruwanmu. An yi irinsa a nan ƙasarmu. Daga 1962 zuwa 2011, samari da ƴan mata na Amurka, ƴan ƙungiyar Peace Corps, sun yi ta zuwa Nijar. Da yawansu a Hamdallaye, kusa da Yamai, aka fara koya musu harshe, suna kwana gidajen mutane. Daga nan a kai kowa ƙauyensa shi kaɗai. Wanda ya shekara biyu a ƙauyen Hausawa, sai ka ji yana cinikin tumatir a kasuwa, har da "a rage mini, Hajiya". Ba wani asiri gare su ba. An raba su da ƴan'uwansu ne, ba wanda za su yi wa Ingilishi.

To, mu fa? Mu mutanen Magaria da Dungass, tafiya ba baƙuwarmu ba ce. Da an gama girbin gero da gyaɗa, samari sun ɗaura kaya sai cirani. Daga Bande, daga Wacha, daga Dogo-Dogo da Malawa. Wasu Kano, wasu Legas, wasu Kwatano ko Abijan, wasu Aljeriya da Libiya. Abin da Bajamushe yake biya da kuɗinsa, wato zama cikin masu harshe, mu kyauta muke samun sa. Amma sau nawa mutum yake shekara biyar yana zuwa Legas, ya dawo ba ya iya ƙirga ɗaya zuwa goma da Yarabanci?

A ganina laifin yana wurin yadda muke zama. Harshenmu yana da faɗi, ya sangarta mu. Ka tsallaka iyaka, ka shiga kasuwar Maigatari ranar Alhamis, Hausa ce. Kano, Hausa ce. Ka isa Legas, ka sauka Agege ko Idi Araba cikin Hausawa. Ka kwana da ƴan garinku, ka ci da su, ka yi hira da su. Zango alheri ne, ba mai musu. Shi yake ba baƙo tabarma da tuwo a daren farko. Amma wanda bai taɓa fita zango ba, jikinsa ne kawai ya yi tafiya, kunnensa yana gida. Can Samara ma haka ne. Ɗalibin da ya wuni bakin ruwa tare da ƴan ƙasarsu, abin da zai koma da shi gida ƙunar rana ce kawai.

Wani zai ce: ni neman kuɗi ya kai ni, ba karatu ba. Gaskiya ne. Sai dai mu duba inda kuɗin yake zurarewa. Mai aiki ya faɗi lada da harshensa, tafinta ya faɗa maka wani abu daban, bambancin ya shiga aljihunsa. An miƙo maka takarda, ka dangwala yatsa, ba ka san abin da ka yarda da shi ba. Ciwo ya kama ka, kana gaban likita, sai nuni da hannu kamar bebe. Ɗan sanda ya tsai da kai, kalma biyar da za su fid da kai ba ka da su. Duk wannan asara ce, kuma ta fi kuɗin mota.

Nan ne ajinmu na yaƙi da jahilci yake da amfanin da ba kowa ya lura da shi ba. Wanda ya iya rubuta Hausa da boko, ya iya rubuta duk abin da kunnensa ya ji. Ba sai ka san yadda masu harshen suke rubuta kalmar ba. Rubuta ta yadda ka ji ta, ka sa ma'anarta da Hausa a gefe. Ɗan littafi da biro sun isa. Kalma 5 a rana, cikin wata huɗu na rani ka tara 600. Fara da gaisuwa, da ƙirga, da sunayen kuɗi, da sassan jiki saboda ranar ciwo. Sai kuma wannan tambaya: "Yaya ake ce wa wannan?" Ita ce za ta kawo maka sauran.

Ka nemi aboki ɗaya wanda ba ya jin Hausa, ko maƙwabci, ko abokin aiki, ko mai shagon da kake sayen burodi. Za su yi maka dariya, ka bar su su yi, mu ma mun yi wa ƴan Amurka. In ka dawo da damina, ka zo da littafin nan aji, a karanta wa ƙannen da za su tafi baɗi.