Kafin Ka Koyar Da Ƙasa, Ka Taka Ta

Ina roƙon Edita ya ba ni ɗan fili a cikin wannan mujalla tamu, in faɗa wa 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu wata magana da ta daɗe tana cina. Maganar kuwa ta yawon buɗe ido ce, wanda a kan kai 'yan ajin ƙarshe kowace shekara. Ni a ganina, yadda mu ke yinsa ba ya ƙara mana ilmin da ya kai kuɗin da a ke kashewa, ina kuwa da shawarar abin da ya fi. Amma bari in fara da abin da ya jawo zancen.

Sa'ad da aka tura mu gwajin koyarwa bara, sai aka ba ni aji biyar a wata makarantar firamare a nan cikin garin Gombe. Ran nan ina koya musu iyakokin Nijeriya, na rataya taswira jikin allo, na bi jan layin nan da ya raba mu da Kamaru da bakin sanda, tun daga tafkin Chadi har teku. Na ce su maimaita, suka maimaita. Sai wata 'yar yarinya can baya ta ɗaga hannu, ta ce, "Malam, in mutum ya je wurin, zai ga jan layin a ƙasa?" Yara suka fashe da dariya, ni ma na yi murmushi, na ce a'a. Ta ce, "To, yaya mutanen wurin su ke sanin sun fita daga Nijeriya?" Nan fa na yi tsuru-tsuru. Na ce ta zauna, lokaci ya ƙure. Allah kuwa Ya sani da sauran lokaci, ilmina ne ya ƙure.

Abin ya tsaya mini a rai, har da aka ba da hutun Disamba na shawarci abokaina biyu 'yan ajinmu, muka ƙulla mu je mu ga iyakar nan da idonmu, mu kuma taka ta da ƙafarmu. Da fari duwatsun Mandara muka so, don mu hau Sukur, wadda ita ce wuri na farko a Nijeriya da hukumar UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1999. Amma tun da 'yan Boko Haram suka kama Gwoza a 2014 wannan yanki bai koma wurin yawon ɗalibai ba, iyayenmu kuwa suka ce sam. Saboda haka muka juya kudu, muka nufi tsaunin Mambila a Jihar Taraba.

Kowannenmu ya ɗauki jakar goyo, da bargo, da tocila, da gorar ruwa, da garin kwaki da ƙuli-ƙuli da sukari, da littafin rubutu. Muka bi mota ta Kaltungo da Numan zuwa Jalingo, muka kwana. Kashegari muka bi ta Bali da Serti, inda babban ofishin gandun dajin Gashaka-Gumti ya ke, har Mayo Selbe a gindin dutsen. Daga nan hanya ta shiga murɗewa kamar maciji, mota tana nishi, kunnuwanmu suna toshewa. Kafin mu isa Maisamari a bisa, wanda ya shiga mota yana fifita ya koma neman rigar sanyi. A Nguroje muka sallami mota, muka goya kayanmu, muka yi kwana shida ba mu da abin hawa sai ƙafa.

To, ga abin da kwana shidan nan suka koya mini, wanda na yi shekaru ina haddacewa ban gane ba.

Na fari, mun karanta cewa in mutum ya hau sama mita 1,000, zafi ya kan ragu da wajen digiri 6. Na rubuta wannan a jarrabawa, an ba ni maki. Amma sai da na kwana a bisa tudun da ya kai kimanin mita 1,600, haƙorana suna kaɗawa cikin bargo, sa'an nan maganar ta shiga jikina. Da safe kuwa sai na ga sauran darasin a shimfiɗe gabana. Sanyin nan shi ya hana ƙudan tsando zama a bisa tudun, shi ya sa shanu suka cika tuddai har iyakar ganin ido. Sanyin nan da yawan ruwan sama su suka sa ganyen shayi ya ke yi a Kakara, inda muka ga gonakinsa kore shar, a jere kamar an daidaita su da almakashi. Muka kuma ga inda kiwo ya yi yawa, ciyawa ta ƙare, ruwa ya yanka ƙasa ya bar kwazazzabai ja wur. A aji, yanayi babi guda ne, kiwo babi guda, zaizayar ƙasa babi guda, har yaro ya zaci ba abin da ya haɗa su. A can kuwa duk a kan tudu ɗaya su ke, wannan ya haifi wancan.

Na biyu, taswira ba ta gaya wa mutum nisa sai in ya san karatun layukan nan masu nuna tudu da kwari. Mun auna wani ƙauye da zare a kan takarda, muka ce tafiyar sa'a biyu ce. Muka tashi da hantsi, ba mu isa ba sai bayan la'asar, don tsakani akwai kwari uku, kowanne sai an gangara an hau. Ni kuma da wautata na sa sabon takalmi, ya yi mini bororo a diddige, har wata tsohuwa mai ɗauke da kwandon masara a baya ta wuce ni tana yi mini sannu. Tun daga ranar ban ƙara raina layukan nan ba, kuma na san yadda zan koyar da su.

Na uku ita ce amsar yarinyar nan. Daga Gembu, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Sardauna, muka nufi gabas, wajen ƙauyukan bakin iyaka. Muka gai da mai gari, muka nuna takardunmu na kwaleji ga ma'aikatan iyaka, aka haɗa mu da wani dattijo ya yi mana ja-gora. Ya kai mu bisa wani doron tudu, ya ce mu tsaya. Ba bango, ba shinge, ba jan layi, ciyawar nan ita ce ciyawar can. Ya nuna mana cewa ruwan da ya sauka ta wannan gefe kogin Donga ya ke bi, wanda ya sauka ta wancan gefe kuwa na Kamaru ne. Da na duba taswira daga baya sai na ga haka ne: Donga yana zuba cikin Binuwai, Binuwai ya haɗu da Kwara a Lakwaja, ruwan wancan gefe kuwa ya kan bi kogin Mbam ya faɗa Sanaga. Watau a wurare da dama na wannan yanki, marabar ruwa ita ce iyaka. Mutanen wurin da tudu da rafi su ke gane ta, da kuma sanin wanda su ke biya wa haraji.

Wa ya zaɓi wannan tudu ya zama iyaka? Ba mutanen wurin ba ne. Da can Mambila duk tana cikin Kamarun Jamus. Da aka ci Jamusawa a 1916, Ingila da Faransa suka raba ƙasar, suka tsai da layin rabon a 1919. Rabon Ingila na arewa aka riƙa mulkinsa tare da Arewacin Nijeriya. A watan Fabrairu na 1961 Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa aka jefa ƙuri'a, mutum 146,296 suka zaɓi Nijeriya, 97,659 suka zaɓi Kamaru. Ran 1 ga Yuni na shekarar yankin ya shigo Nijeriya, aka sa masa suna Lardin Sardauna. Kudancin Kamarun Ingila kuwa ya zaɓi ɗaya gefen. Da gardamar iyaka ta yi tsanani daga baya, Kotun Duniya ta yanke hukunci ran 10 ga Oktoba, 2002, tun daga nan kuma ƙasashen biyu su ke kafa turakun siminti a wurare da yawa.

Duk wannan yana cikin littafi. Abin da ba ya cikin littafi shi ne yadda dattijon nan ya faɗe shi. Ya ce kakansa ya ga Jamusawa, ubansa ya biya haraji a zamanin Ingilishi, shi kuwa yana yaro aka yi ƙuri'ar, gidansu bai taɓa gusawa ko taki ɗaya ba. Ya ce ƙanwarsa tana aure a ƙetare, in an yi rasuwa can su kan je, in an yi biki nan su kan zo. Kabilar Mambila tana gefen nan tana gefen can, haka Filani. A kasuwannin bakin iyaka, irin ta Dorofi, naira da sefa duk suna tafiya, Fillanci kuma ya fi Hausa ci. Da ba don ɗayanmu Bafillace ne na wajen Dukku ba, da mun sha wuya.

Wannan fa shi ne abin da ya fi damuna, ya ku 'yan'uwana. Yaron da aka koya masa iyaka da jan layi kaɗai ya kan tashi da zaton duk wanda ke bayan layin baƙo ne, wataƙila ma abin tsoro. Mu kuwa za a watsa mu makarantu ko'ina, waɗansunmu har bakin iyaka. Tun 2017 mutane da yawa sun gudo daga rikicin yankin masu jin Ingilishi na Kamaru, sun shigo Taraba da Binuwai da Kuros Riba, 'ya'yansu kuwa wata rana a gabanmu za su zauna. Malamin da bai san yadda aka ja layin nan ba, da wane ido zai dube su? Mu dai a tafiyar nan wata rana a gidan wani fasto muka kwana, kashegari a rugar wani arɗo. Ni Kirista ne, abokaina biyu Musulmi, amma ba wanda ya tambaye mu addini kafin ya ba mu tuwon masara ko ƙwaryar nono.

Yanzu ku gwada wannan da yawon da mu kan yi. A cika bas da mutum sittin tun da asuba, a yi ta kiɗa har Yankari, a yi wanka a Wikki, a ɗauki hoto, a ci shinkafa, a dawo da dare. Ban ce Yankari ba ta da abin koyo ba, tana da shi ƙwarai. Amma wanda ya ga ƙasa ta tagar mota, bai gai da kowa ba, bai tambayi kowa kome ba, me ya fi wanda ya ga hotonta? A tambaye mu bayan mako guda sunan itace uku da muka gani a hanya, a ji.

Na san abin da za a ce. Za a ce akwai hatsari, kuma gaskiya ne, ba zan ɓoye ba. A Mambila kanta an yi mummunan rikici kan filaye tsakanin manoma da makiyaya a watan Yuni na 2017, aka yi hasarar rayuka da dukiya. Kudu maso yammacin tudun yana kallon yankin Kamarun da ke fama da rikici, mu ma ba mu nufi can ba. Amma maganin hatsari shiri ne: a yi tambaya kafin a tashi, a riƙe takardar kwaleji, a fara da gidan mai gari, a ɗauki ja-gora ɗan ƙasa, kada a yi tafiyar dare, kada a ƙetare iyaka ba da izni ba. Inda hukuma ta ce kada a je, kada a je. Matambayi, in ji Hausawa, ba ya ɓata.

Za a ce kuma ba kuɗi. To, ƙafa ba ta shan fetur. Kuɗin da ya fi cin mu na mota ne, abinci kuwa rabinsa a jaka muka tafi da shi. Ba kuwa dole sai Mambila ba. Ga tudun Tula da duwatsun Tangale a wajen Kaltungo, ga dutsen Bima kusa da Dadin Kowa, duk cikin jiharmu. Mu nawa ne muka taɓa hawansu? Za a ce 'yan'uwanmu mata ba za su iya ba. Wanda ya faɗi haka ya je ya ga matan Mambila suna hawan tudu da kaya a baya, sa'an nan ya dawo mu yi magana. Abin da mata ke bukata shi ne malama ta raka su, da masauki na mutunci wanda aka shirya tun da wuri.

Ga shawarata ga hukumar kwaleji da ƙungiyar ɗalibai. A raba 'yan ajin ƙarshe ƙungiya-ƙungiya, kada kowace ta wuce mutum takwas, kowace da malami guda. Zangon farko a yi tafiyar kwana biyu a duwatsun kusa, don a gane takalmi da nauyin kaya. Waɗanda suka jure, a kai su tafiya mai nisa da hutun rani, lokacin da hanya ta bushe. Kowa ya dawo da taswirar da ya zana da hannunsa, da sunayen itatuwa da amfanin gona, da gaisuwa cikin harshen mutanen da suka sauke shi, da darasi guda wanda ya shirya daga abin da ya gani. A duba wannan a ba shi maki kamar sauran ayyuka. Masu ƙarfin zuciya ma wata rana su nemi izni da ja-gora daga ma'aikatan Gashaka-Gumti, su hau Chappal Waddi, mai tsawon mita 2,419, wanda ba dutsen da ya kai shi a Nijeriya, yana kuwa zaune daidai kan iyakar nan. Mu ba mu kai gare shi ba, amma yana raina.

Da muka dawo na koma makarantar nan, na roƙi hedimasta ya ba ni minti goma. Na fita da yaran waje, muka tara ƙasa muka yi tudu, na zuba ruwan buta a bisansa, rabi ya bi nan, rabi ya bi can. Na ce wa yarinyar ga amsarta, na kuma roƙe ta gafara don na ce lokaci ya ƙure. Ta duba tudun, ta ce, "To, Malam, wanda gidansa ke daidai kan tudun fa, ɗan ina ne?" Na ce wannan sai ta girma ta je ta tambaye shi da kanta.

Allah Ya ba mu ilmi mai amfani, Ya ba ƙasashen nan biyu zaman lafiya, amin.