Nazari: Mustang, Challenger da Camaro: wacce za ta jure kasuwar Abuja?

A wuraren sayar da motoci da ke tsakanin Kado da Jabi da Gwarimpa, Camry da Corolla da Lexus ne suka fi yawa. Sai dai idan aka ajiye Ford Mustang ko Dodge Challenger ko Chevrolet Camaro a sahun gaba, su ne suke jan idon masu wucewa. Waɗannan motoci uku 'yan Amurka, masu manyan injuna da ruri, sun shafe shekaru suna gogayya, amma a yau gogayyar ta sauya kama.

Kamfanin Dodge ya daina ƙera Challenger a watan Disamban 2023, ya maye gurbinta da sabuwar Charger, wadda ta fara fitowa da lantarki. Chevrolet ma ya rufe babin Camaro da ƙirar 2024. Mustang, wadda aka fara sayarwa a 1964, ita ce kaɗai daga cikin ukun da ake ci gaba da ƙerawa.

Idan ana maganar ƙarfi, Dodge ne ya yi zarra. Challenger Hellcat ta fito a ƙirar 2015 da ƙarfin doki 707, kuma Demon 170 ta 2023 ta kai 1,025. Camaro ZL1 tana da 650, ƙanwarta SS kuwa 455. Mustang GT ta 2024 tana da 480, Dark Horse tana da 500. Amma masu gwajin motoci sun daɗe da nuna cewa Challenger, saboda nauyinta, gwanar miƙaƙƙiyar hanya ce, yayin da Camaro da Mustang suka fi ta iya shan kwana. Duk da haka, a 2021 da 2022 Challenger ta fi Mustang ciniki a Amurka, Camaro ta zo ta uku. Yalwar cikinta da tsohuwar surarta na daga abin da ya ja mata masu saye.

A Najeriya lissafin daban ne. Sabuwar Mustang GT ta haura dala 40,000 a Amurka. Kafin a saki naira a watan Yunin 2023, lokacin da dala take kusan naira 460 a farashin gwamnati, wannan kuɗi bai kai naira miliyan 19 ba. Da dala ta haura naira 1,500 a farkon 2024, ya koma miliyan 60, ba a ma saka kuɗin jirgin ruwa da harajin Kwastam ba, wanda shi ma yake bin farashin dala. Shi ya sa akasarin waɗanda ake gani a Abuja tokumbo ne, kuma daga cikin motocin da ake shigowa da su daga Amurka akwai waɗanda aka sayo a gwanjon motocin da suka yi hatsari. Bincikar lambar jikin mota kafin biyan kuɗi ya zama wajibi.

Sai batun mai. Tankin Challenger yana cin kusan lita 70. A watan Oktoban 2024, da litar fetur ta haura naira 1,000 a Abuja, cika shi sau ɗaya ya yi daidai da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a Yulin shekarar. Ga kuma ƙarancin tsayinsu daga ƙasa: manyan titunan birnin za su ɗauke su, amma lungunan da ba a sa wa kwalta ba da tudun rage gudu suna cin cikinsu.

Wacce ce ke nan ta fi dacewa? Ga mai neman motar hawa, Mustang ta fi kwantar da hankali, domin muddin ana ƙera ta, kayan gyaranta za su ci gaba da samuwa. Tana kuma da ƙaramin inji mai silinda huɗu da ƙarfin doki 315 wanda bai kai babban shan mai ba. Masu ajiye Challenger ko Camaro da fatan darajarsu za ta tashi tunda an daina ƙera su, ya kamata su tuna cewa masu saye a Abuja ƙalilan ne, kuma motar da ba ta da makaniken da ya san ta ba ta riƙe farashi.

Ga ma'aikacin tarayya akwai ƙarin lissafi. Kundin tsarin mulki ya wajabta masa bayyana kadarorinsa ga Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata, kuma kadarar da ta fi ƙarfin kuɗin shigarsa, shi ne zai yi bayanin inda ya samo ta. Mota mai ruri ba ta ɓuya a farfajiyar Sakatariyar Tarayya.