Dogon Suma da Ɗigon Jini

'Yan'uwa ɗalibai, idan damina ta yi nisa a ƙasar Makarfi, daga Nasarawan Doya har zuwa ƙauyukan Ikara da Kudan, akwai abin da iyaye mata suke tsoro ƙwarai: yaro ya kwana biyu da zazzaɓi, ya yi jijjiga, sa'an nan ya yi shiru, a kira shi ba ya amsawa. Nan da nan sai a ce iska ce, a kawo turare da rubutu. Mu kuwa muna ganin kafin a ce komai, ya wajaba a ɗiga jininsa a kan ma'aunin sukari.

Dalili shi ne, ƙwaƙwalwa ba ta fi kashi 2 cikin 100 na nauyin babban mutum ba, amma tana cinye kusan kashi 20 na kuzarin jiki, abincinta kuwa sukari ne, ba ta kuma da rumbun ajiye shi. Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani yakan zubar da sukarin jinin yaro, maganin kwinin ma yakan ƙara zubar da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙasa da 2.2 a ma'auni cikin alamomin haɗari. Wanda wannan ne ya sumar da shi, ruwan sukari ta jijiya yana iya farfaɗo da shi cikin mintoci. In aka yi jinkiri, ƙwaƙwalwa ta lalace ke nan.

Lalle likitoci suna da ma'aunin zurfin suma, watau na Glasgow wanda Teasdale da Jennett suka fito da shi a 1974, da na Blantyre na 1989 domin ƙananan yara. To, amma waɗannan duk kallo ne: ya buɗe ido? ya motsa da aka mintsine shi? Ido kuwa yana ruɗuwa, har a manyan asibitocin Turai. A wani bincike da aka wallafa a 2014, masana a Jami'ar Liège ta Beljiyam, cikinsu har da Steven Laureys, suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar majinyata, suka kuma auna yadda take cin sukari da na'urar PET. Daga mutum 41 da aka riga aka ce ba su san inda suke ba, 13 sun nuna alamar sauran hankali, 9 daga cikinsu kuwa suka farfaɗo daga bisani. A 2016 suka ba da rahoton cewa hankali yana bukatar ƙwaƙwalwa ta ci aƙalla kashi 42 cikin 100 na sukarin da takan ci in tana lafiya. Ashe sukarin nan da muke zance a kansa a ƙauye, shi ne kuma shaidar da ake nema a birnin Liège.

Ba mu ce a kai na'urar PET Nasarawan Doya ba. Wannan zancen mafarki ne, kuɗinta zai gina ɗakunan shan magani da yawa. Abin da muke nema ya fi haka sauƙi nesa. Tsakanin ƙauye da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika tafiya ce mai nisa ga yaron da ba ya motsi, ga neman mota, ga neman kuɗin mota. Saboda haka awon farko aikin ɗakin shan magani na gari ne. Ma'aunin sukari ɗan abu ne da yake shiga aljihu, sai dai in babu tsinken awo sayensa da rashin sayensa ɗaya ne, tsinken kuwa ƙarewa yake yi.

A garin Makarfi akwai Kwalejin Shehu Idris mai horar da ma'aikatan lafiya, watau masu iya awon suna nan kusa. Saura ku da za ku zauna a ofisoshin ƙananan hukumomi, ku da za ku rubuta kasafin kuɗi. In takardar sayen kaya ta zo gabanku, ku duba ko an sa tsinken awo da ruwan sukari na jijiya, na wata goma sha biyu cif, kafin ku sa hannu.