Nasiha Game Da Gasar Ƙira Tsakanin Ɗalibai

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya hore wa ɗan Adam ƙarfe da itace, Ya ba shi hankali da hannu domin ya sarrafa su. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban Manzanni, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, akwai wata al'ada da manyan makarantun ƙasashen waje suka daɗe da riƙo, wadda ta cancanci malamai da iyayen yara da masu dukiya su tsaya su dube ta da idon basira. Ita ce gasar ƙira tsakanin ɗalibai masu koyon aikin injiniya. Watau a zaɓi wani aiki mai wuya, a gindaya masa sharuɗɗa, a sa rana, a ce kowace makaranta ta ƙero abin da zai yi shi, ran da wa'adi ya cika a taru a gwada a gaban jama'a. Waɗansu idan sun ji haka sai su ce ai wasan yara ne, ɓarnar lokaci da dukiya. Wanda ya faɗi wannan bai bi labarin har ƙarshensa ba. Ga labari guda tabbatacce, mai hankali ya auna da kansa.

A watan Maris na 2004 wata hukuma ta ma'aikatar tsaron Amurka, mai suna DARPA, ta shirya tsere a hamadar Mojave. Ta ajiye dala miliyan 1 ga duk wanda motarsa ta ratsa hamadar ita kaɗai, babu direba a ciki, babu kuma mai juya ta daga nesa. Tafiyar ta haura mil 140, daga kusa da garin Barstow a Kalifoniya zuwa Primm a Nevada. Motoci 15 suka tsaya a bakin layi, da yawa daga cikinsu aikin ɗaliban jami'o'i ne da malamansu. Ko ɗaya ba ta kai ba. Wata ta kife, wata ta yi karo da katanga, wata ta sarƙe a waya. Wadda ta fi nisa, mai suna Sandstorm, ta Jami'ar Carnegie Mellon, mil 7 da ɗan ɗoriya ta yi, sa'an nan ta maƙale a kan tudun gefen hanya, tayoyinta na juyawa a banza. Aka tashi babu wanda ya ɗauki ko anini, masu dariya suka yi dariyarsu.

Amma ɗaliban nan ba su watse ba. Kowa ya koma makarantarsa ya kwance motarsa ya binciki inda ta cuce shi. Ran 8 ga Oktoba na 2005 aka sake tsere, aka ninka kyautar ta koma dala miliyan 2, tafiya mil 132. Ba a ba su taswirar hanya ba sai saura awa biyu a tashi. Motoci 23 suka shiga, biyar suka kai. Wadda ta zo ta fari ita ce Stanley, ta Jami'ar Stanford, a ƙarƙashin malaminsu Sebastian Thrun, cikin ƙasa da awa 7 kaɗan. Motoci biyu na Carnegie Mellon suka bi bayanta, har da Sandstorm ɗin nan da ta maƙale bara. Stanley tana ɗauke da na'urori biyar a rufinta masu harba haske su auna nisan abin da ke gabanta, da kyamara mai hangen nesa, da na'urar da ke karɓar wurin da take daga tauraron ɗan adam, da kwamfutoci masu yanke hukuncin sitiyari da birki. Masu ƙirarta sun yi ta tuƙa ta da hannunsu a hamada tana lura, har ta koyi inda mutum yake rage gudu da inda yake ƙarawa. A 2007 kuma aka mai da tseren cikin tituna, a wani tsohon sansanin sojan sama a Victorville, mil 60, da sharaɗin kiyaye dokokin hanya a tsakanin waɗansu motoci. Motoci 11 suka shiga, shida suka gama, motar Carnegie Mellon mai suna Boss ta ci.

To, ina yaran nan suka kwana? A 2009 kamfanin Google ya buɗe aikin motar da ke tuƙa kanta, ya danƙa wa Thrun, shi kuwa ya tattaro mutanen da ya sani a filin tsere, na makarantarsa da na abokan hamayyarsa. A cikinsu akwai Chris Urmson, wanda yake ɗalibin digiri na uku ranar da Sandstorm ta maƙale. Shi ne daga baya ya shugabanci aikin, kāna a 2017 ya kafa kamfanin Aurora shi da abokansa. Aikin Google ya zama kamfani mai zaman kansa a 2016 da sunan Waymo, a 2020 kuma ya fara ɗaukar jama'ar birnin Phoenix a motoci marasa direba. Ita Stanley an kai ta gidan tarihi na Smithsonian a Washinton. Watau sana'a sukutum ta tsiro daga tseren da aka yi wa dariya.

Ba a Amurka kaɗai aka ga haka ba. A ƙasashen Asiya akwai gasar ƙera mutum-mutumin inji mai suna Robocon, wadda aka fara tsakanin ƙasashe a 2002. Wani ɗalibi ɗan Sin mai suna Wang Tao, daga Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Hong Kong, ya shiga a 2005, ƙungiyarsu ta zo ta uku. A 2006 ya kafa kamfanin DJI, wanda ya zo ya fi kowa sayar da ƙananan jirage marasa matuƙi a duniya.

Mene ne sirrin abin? Ga wanda ya san makarantar allo, sirrin ba ɓoyayye ba ne. Gardin da ke tilawa shi kaɗai a ɗaki yana iya zaton haddarsa ta zauna. Sai ranar da ya zauna gaban alarammomi aka ja masa baƙi, ranar yake sanin inda ƙafarsa take zamewa. Tun da aka fara musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa a Sakkwato a 1986, kowa ya ga yadda yara suka tashi tsaye wajen gyara hadda da tajwidi, ya kuma ga yadda waɗansu da suka fito daga cikinta suka zama limamai da malaman ƙira'a. Haka gasar ƙira take ga ɗalibin injiniya.

Dalili na fari, ƙarfe ba ya karɓar cin hanci, ba ya kuma jin magiya. A ɗakin jarrabawa ɗalibi yana iya haddace amsa bai fahimta ba, yana iya leƙen takardar maƙwabcinsa, ya fito da takardar shaida mai hatimi. Amma inji idan an ƙera shi ba daidai ba, ba zai tashi ba ko ɗan wane ne ya ƙera shi. Na biyu, wa'adi. Wanda ya san ranar gwaji ba ta matsawa yana koyon raba lokaci da kuɗi, yana koyon barin abin ƙawa domin abin da ya wajaba. Na uku, aikin gayya. Mota guda ba ta ƙeruwa sai mai lantarki da mai walda da mai lissafi da mai neman kuɗi sun jure wa juna, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Na huɗu, filin gasa kasuwa ce. Masu kamfanoni suna zuwa kallo, suna ganin wanda ya kwana ƙarƙashin mota da sifana a hannu, suna riƙe sunansa. Na biyar, wanda ya fi duka, shi ne koyon fāɗuwa tun da ƙuruciya, lokacin da fāɗuwar ba ta cin ran kowa. Injiniyan da bai taɓa ganin aikinsa ya lalace a makaranta ba, a kan gadar jama'a zai fara gani, Allah Ya kiyaye.

Adalci kuwa ya wajabta a faɗi ɗaya gefen. Masu suka suna da hujjoji, kuma ba duka ne na banza ba.

Suna cewa gasa irin wannan ta masu kuɗi ce. Gaskiya ne manyan jami'o'i masu gata su ne suka ci tseren hamada, da taimakon kamfanonin motoci. Amma maganin wannan sananne ne. A makarantar MIT, tun shekarun 1970, wani malami mai suna Woodie Flowers ya shahara da bai wa kowane ɗalibi akwati iri ɗaya, da kayan aiki iri ɗaya, ya ce kowa ya ƙero injin da zai kara da na ɗan'uwansa. A nan dukiyar uba ba ta amfanar kowa, sai kai da hannu.

Suna cewa cin gasa ba ya lamunce arziki. Wannan ma gaskiya ne. Kamfanin Argo AI, wanda ɗaya daga cikin mutanen ƙungiyar Boss ya kafa a 2016, Ford da Volkswagen sun zuba masa dukiya mai yawa, duk da haka aka rufe shi a 2022. Arziki na Allah ne. Abin da gasa take bayarwa shi ne gwaninta, ita kuwa ba ta rufuwa tare da kamfani.

Suka mafi nauyi ita ce ta tarbiyya. A tseren 2004 akwai wani ɗalibi daga Jami'ar Berkeley, Anthony Levandowski, wanda ya zo da babur mai tuƙa kansa. Hazaƙarsa ta kai shi Google, ya samu ɗaukaka da dukiya. A 2020 ya amsa laifin satar sirrin aikin kamfanin a gaban kotu, aka yanke masa ɗaurin wata 18, sai a Janairu na 2021 shugaban ƙasarsu ya yi masa afuwa. Gasa ta koya masa ƙira, ba ta koya masa amana ba. Haka kuma kada a manta tseren hamada soja ne suka biya kuɗinsa, domin majalisar Amurka ta so kashi ɗaya cikin uku na motocin yaƙinta su zama marasa direba. Ilimin ƙira wuƙa ne, ana yanka ragon suna da ita, ana kuma aikata ta'asa da ita. Saboda haka wannan suka ba hujjar barin gasa ba ce, hujja ce ta shigar malamai cikinta tun daga tushe.

Ta fuskar shari'a kuwa, babu abin ƙyama a asalin al'amarin. Annabi Nuhu ya sassaƙa jirgi, Annabi Dawuda ya ƙera sulke, amincin Allah ya tabbata a gare su. Malamai magabata sun bayyana cewa sana'o'in da jama'a ba ta iya rayuwa sai da su farilla ce ta kifaya, idan kowa ya bari kowa ya yi laifi. Ya tabbata an yi sukuwar dawaki a Madina da iznin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuma littattafan fiƙihu sun keɓe babi ga tsere da harbi, gama su ne ƙarfin al'umma a wancan zamani. Abin kiyayewa shi ne kyauta ta fito daga hukuma ko wani mai alheri, kada masu gasa su tara kuɗinsu wanda ya ci ya kwashe, domin wannan caca ce. Kuma kada a bar salla ta wuce saboda walda, kada a bar darasi ya mutu saboda kofi.

To, ga kira. Shugabannin jami'o'i da kwalejojin fasaha su sa gasar ƙira ta zama abin kowace shekara, kada su tsaya ga aikin ƙarshen karatu da ake rubutawa a ɗaure a jefa a kabad ƙura ta ci. Ba sai an nemi mota marar direba ba. A ce wa ɗalibai su ƙero injin ban ruwa da manomin fadama zai iya saye ya kuma gyara da kansa, ko rumbun da zai hana tumatir ruɓewa da hasken rana, ko injin sussukar gero da zai hutar da mata. A kai kayan gona a gwada a gaban manoma, a kuma sa gwanayen ƙira irin na kasuwar Panteka ta Kaduna cikin alƙalai, gama idonsu yana ganin abin da littafi ba ya gani.

Sarakuna da attajirai, waɗanda Allah Ya sa suke ba da motoci da kujerun Makka a musabaƙa, Allah Ya saka musu da alheri, su ware wani abu ga wannan fanni ma. Famfon da ya shayar da ƙauye sadaka ce mai gudana, wanda ya ɗauki nauyin yaron da ya ƙera shi yana da rabo a cikinta.

Iyaye kuma, idan ɗa ko 'ya ta dawo gida da baƙin mai a hannu da riga, kada a ce an tura ta karatu ta koma makanikanci. Wannan baƙin man shi ne tawadar karatun nata. Su kuwa ɗalibai su gyara niyya, su nemi amfanin jama'a kafin tafi, su riƙe amanar abokan aiki, wanda ya ci kada ya yi alfahari, wanda ya fāɗi ya tuna motar da ta maƙale a mil na bakwai ta dawo shekara mai zuwa ta gama tafiyar.

Allah Ya ba 'ya'yan Musulmi ilimi mai amfani, da hannu mai albarka, da zuciya mai tsoronSa. Allah ne Masani. Haza wasalam.