Wa zai tantance mana labarin rigakafi a Sokode da Dapaong?



'Yan uwa, a watan Satumba na 2025 ƙasar Togo ta shigar da allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro cikin jerin rigakafin yara. Allura huɗu ake yi wa yaro, kuma ba ta ɗauke wa iyaye kwana cikin gidan sauro ba. Wannan bayani ɗan kaɗan ne, amma wa zai kai shi kunnen uwar da ke Zangon Sokode kafin saƙon murya na WhatsApp ya riga shi?

Masu aikin suna nan. Tun 2019 Togocheck ke bin diddigin jita-jita daga Lome. Africa Check, wadda aka kafa a 2012, tana da ofishin Faransanci a Dakar, tana kuma horar da 'yan jarida. A Najeriya akwai Dubawa tun 2018. Ƙungiyar 'yan jaridar kimiyya ta duniya ma ta sa darussa kyauta a intanet, har da na Larabci. Sai dai galibin wannan horo da Faransanci ko Turanci ake yinsa, a manyan birane. Dapaong kuwa ta fi kilomita 600 daga Lome, jama'arta da harshen Moba suke kwana suke tashi, na Sokode da Kotokoli, a zango da kasuwa kuma ga Hausa. Ƙari kan haka, yankin Savanes na ƙarƙashin dokar ta-ɓaci tun Yunin 2022, kuma inda tsoro ya yi yawa ji-ta-ji-ta takan samu gindin zama.

Mun san kuɗin da ake biya. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano, cutar ta tsallaka ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, har da Togo. Ba ma cewa fargabar mutane ba ta da tushe, domin gwajin maganin Pfizer na 1996 a Kano ya bar tabo. Shi ya sa ɗan jaridar da zai ce "ku yarda kawai" bai ishe mu ba. Muna bukatar wanda zai tambayi likita: mutum nawa aka gwada a kansu, wa ya ɗauki nauyin binciken, wace illa aka gani?

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta umarce mu da bincike kafin aiki da labari, malaman hadisi kuma ba sa karɓar magana sai sun bi isnadinta mutum bayan mutum. Ɗalibin da ya san Musɗalahul Hadis ya yi rabin tafiya. Saura ya koyi karanta alƙaluma da gano asalin hoto.

Don haka shawararmu ga kwamitocin masallatai ita ce kowanne ya zaɓi ɗalibai biyu, namiji da mace, masu jin Faransanci da harshen gida, a nema musu horo wurin waɗannan cibiyoyi, a haɗa su da ma'aikatan asibiti da gidajen rediyon gari. Liman ma ya riƙa tuntuɓarsu kafin ya sa maganar magani ko cuta cikin huɗubar Juma'a.