A Horar Da Masu Koyar Da Iyaye

Duk lokacin da sakamakon jarrabawa ya fito da rauni, ko kuwa aka ji samari sun faɗa shaye-shaye da ta da zaune tsaye, sai kowa ya ɗora laifin a kan iyaye, a ce sun yi sakaci da tarbiyya. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma akwai tambayar da ba a cika yi ba, watau wa ya koya wa iyayen? A ƙasar nan sai malami ya yi shekara 3 a kwalejin ilmi kafin a ba shi aji, direba kuma sai an gwada shi kafin a ba shi lasin, alhali yarinyar da ta haifi ɗan fari sai a miƙa mata jinjiri a ce Allah ya raya, shi ke nan.

A da can ba haka abin yake ba. Mai jego takan koma gidan iyayenta wanka, ga kaka, ga ungozoma, ga matan gida, kowacce tana nuna mata yadda ake riƙon jariri da goyo da yaye. Babban gida shi kansa makaranta ne. Yau kuwa zaman birni ya raba dangi. Ango da amarya suna ɗaki ɗaya na haya a Agege ko Sabon Ibadan ko bayan garin Kano, wani maigidan ya tafi ci-rani wata da watanni, ga kuma dubban iyalai da rashin tsaro ya kora daga ƙauyukansu a Borno da Zamfara. Tsohuwar makarantar ta yi rauni, ba a kuwa kafa wata a madadinta ba.

Saboda haka ra'ayin wannan jarida shi ne, lokaci ya yi da Gwamnatin Tarayya da gwamnatocin jihohi za su ɗauki horar da masu koyar da iyaye a matsayin aiki na sosai, mai manhaja da takardar shaida da albashi, kamar yadda aka ɗauki aikin malanta da na jinya.

Ba da ka muke wannan magana ba. A shekarun 1986 da 1987, masu bincike a birnin Kingston na ƙasar Jamaika sun zaɓi yara 129 'yan wata 9 zuwa 24 waɗanda rashin abinci mai gina jiki ya tsumburar da su. Aka riƙa tura ma'aikatan lafiya na unguwa gidajen wasu daga cikinsu sau ɗaya a mako, har shekara 2. Aikin ma'aikaciya shi ne ta zauna da uwa kamar awa guda, ta nuna mata yadda za ta yi wa ɗanta magana, ta yi wasa da shi da kayan wasan da aka haɗa da tarkacen gida, ta kuma yaba masa in ya yi abin kirki. Bayan shekara 20 aka sake bin sawun yaran, sakamakon da aka buga a 2014 kuwa ya nuna cewa abin da suke samu a wurin aiki ya ɗara na takwarorinsu da ba a ziyarta ba da kashi 25 cikin 100. Waɗanda aka ba madara kaɗai ba tare da ziyara ba, amfanin bai bi su zuwa girma haka ba. Haka nan jihar Misuri ta Amurka ta fara gwada tura horarrun malaman iyaye gida-gida a 1981, kafin shekara 5 ta cika kuma aka faɗaɗa shirin zuwa jihar baki ɗaya.

Kada wani ya ce wannan baƙon abu ne aka kwaso daga Turai. A ƙarni na 19, Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta horar da dattijan mata da ake kira jajiyoyi, ta naɗa kowacce da malfa da jan rawani, su kuma suka riƙa kai karatu da ladubban zaman gida ga matan karkara da ake kira 'Yan Taru. Hikimar ita ce, mace ta fi sakin jiki da 'yar garinsu wadda ta san harshenta da halin da take ciki. Wannan hikima ce muke so a farfaɗo da ita, a haɗa da abin da ilmin zamani ya gano game da girman yaro.

To, me za a koya wa waɗannan malamai? Da farko su san matakan girman yaro, su iya gane wanda bai ji sosai ko wanda maganarsa ta yi jinkiri, su san asibitin da za su tura shi. Su san amfanin shayar da nono zalla har wata 6, da lokutan allurar rigakafi, da yadda ake haɗa abincin yaye da gero da waken suya da gyaɗa. Su san yadda ake tsawata wa yaro a sa masa iyaka ba tare da dukan da zai raunata shi ko zagin da zai karya masa zuciya ba. Abin da ya fi waɗannan duka wuyar koyo shi ne ladabin shiga gidan mutane: yin sallama, da sauraro kafin magana, da nunawa a aikace maimakon dogon wa'azi, da riƙe sirrin gida. Malamar da ta fita da zancen gidan wani zuwa gidan biki ta rushe aikin unguwa guda. Tilas ne kuma a horar da maza, domin uba ne ke da ta cewa a kan cefane da zuwa asibiti da sa yaro makaranta, shi kuwa a majalisa da tasha da kasuwa da wurin ibada ake samunsa.

Wannan aiki bai bukaci kafa sabuwar hukuma mai ofisoshi da motoci ba. Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta riga ta ambaci kula da ƙananan yara, tun 2007 kuma ƙasar nan take da manufa a rubuce game da renon yara a farkon rayuwa. Muna da kwalejojin ilmi, da makarantun koyon aikin lafiya a jihohi, da Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna tun 1976, da hukumomin ilmin manya waɗanda Jihar Kano ta fara kafa irinsu a 1980. A 2018 ma an ƙaddamar da shirin ma'aikatan lafiya na cikin al'umma masu bi gida-gida. Abin da ya rage shi ne a tsara manhaja guda, a fassara ta cikin Hausa da Yarabanci da Ibo da Fulatanci da Barbarci da sauran harsunanmu, a ɗora wa waɗannan makarantu nauyin koyar da ita.

Sai dai akwai gargaɗi. Da aka fara shirin ilmin firamare kyauta a 1976, an horar da malamai da yawa cikin gaggawa, makarantunmu kuma suka daɗe suna ɗanɗana kuɗar wannan gaggawa. Kada a maimaita. Taron bita na kwana 3 a otal, a raba jaka da kuɗin mota a watse, ba horo ba ne. Horo na gaskiya yana bukatar makonni ana gwaji da iyaye da yara a zahiri, sannan a sa mai duba aiki da zai riƙa bin malama yana gyara mata. Zaɓen waɗanda za a horar kuma a bar shi ga mutanen unguwa da masu unguwanni, kada ya zama rabon ganima ga 'yan barandan siyasa na kowace jam'iyya. Albashi kuwa, komai ƙanƙantarsa, a biya shi kan kari, domin wadda ba ta ɗora tukunya a gidanta ba, ba za ta koya wa wata haɗa kunu ba.

Wasu za su ce gwamnati na neman yi wa iyaye shisshigi a cikin gidajensu. Amsarmu ita ce, shiga shirin ya zama da yardar maigida da uwargida, malama kuma ta shigo a matsayin mataimakiya, hukunci ya zauna a hannun masu ɗa. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Muna kira ga Ministocin Ilmi da Lafiya da Harkokin Mata, da gwamnoni da shugabannin ƙananan hukumomi, da su ware wa wannan aiki kasonsa a kasafin kuɗi mai zuwa, a fara da 'yan gundumomi kaɗan a kowace jiha, a auna sakamako a bayyana wa jama'a, sannan a faɗaɗa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, masu tanƙwarawar kuwa iyaye ne. Ya wajaba ƙasa ta ƙarfafa musu hannu.