Rumbu Ɗaya, Mabuɗai Biyu

Wani ma'aikacin banki ya tare ni kwanan baya da tambaya. Ya ce, ina dalilin da za a sayi manyan kwamfutoci biyu domin aiki ɗaya, sa'an nan a ce faifan ajiyarsu ɗaya ne? Ashe ba gara kowacce da nata ba?

To, ga yadda abin yake. Akan haɗa uwar garke biyu su zama gungu, ɗaya na aiki, ɗaya na jiran ko-ta-kwana. In ta farkon ta faɗi, ta biyun ta karɓa nan take. Amma me za ta karɓa in lissafin kuɗin jama'a yana kulle a cikin wadda ta mutu? Saboda haka akan fitar da faifan waje, a ajiye shi a akwati na daban, a ja masa waya daga kowacce. Dabarar ba sabuwa ba ce. Kamfanin DEC na Amurka ya fito da VAXcluster a 1983, Microsoft kuma ya shigar da nasa cikin Windows NT a 1997.

Wurin haɗarin shi ne nan. Injunan biyu kan aika wa juna ɗan saƙo a kai a kai, wanda masu sana'ar ke kira bugun zuciya. A ce wayar saƙon ta tsinke alhali dukkansu lafiya lau. Kowacce sai ta zaci 'yar'uwarta ta mutu, ta buɗe faifan ta kama rubutu. Tsarin ajiya irin NTFS kuwa an yi shi ne domin marubuci ɗaya. Akawu biyu a shafi ɗaya, kowa bai san da kowa ba: wannan ya rubuta ajiyar Naira dubu, wancan ya bi ta kai da albashin wani. Kafin a farga littafin ya dagule, kuma ba lalle ne a gane ranar ba.

Maganinsa ƙuri'a. Akan yanki wani ɗan faifai, wanda Microsoft ya ce kada ya gaza megabait 512, a naɗa shi shaida. Kowace inji ƙuri'a ɗaya, shaida ɗaya, uku ke nan. Wadda ta riƙe shaidan ta sami biyu, ita ce da rumbu. Ɗayar dole ta janye hannu. Akwatin faifan ma da kansa yakan ƙi rubutun duk wadda ba ta da rajista a wurinsa. Masu Linux ba su yarda da alkawarin inji ba sam, sukan sa mai rinjaye ta yanke wa ɗayar wuta ƙurmus. Ni dai ina bayansu.

Sai dai mai tambayata yana da gaskiyarsa. Rumbun nan ɗaya ne, in ya ƙone an yi biyu babu. Don haka akan jera faifai da yawa a cikinsa yadda mutuwar ɗaya ba ta ɓatar da kome, a ja wayoyi ta hanya biyu, a kuma riƙa kwafe bayanan zuwa wani gini. A ƙasarmu kuwa sai a dubi wuta. Na taɓa shiga wani ofis na tarar da injunan biyu da akwatin faifan duk a jone a soket ɗaya, janareta kuma babu mai. Na tambayi mai kula da su yaushe rabon da ya kashe ɗaya da gangan ya ga ko ɗayar za ta karɓa. Ya ce tsoro yake ji.